Sabon Burodi A Tsohon Soro

Abu biyu su ke faruwa a biranenmu a lokaci guda, kowa kuwa yana ganinsu. Na fari, tsofaffin soraye na ƙasa suna ta zubewa damina bayan damina, sabo da magada sun tashi sun koma gidajen siminti a bayan gari. Na biyu, cin burodi yana ta yaɗuwa, har ya zama da wuya ka shiga unguwa da safe ka rasa mai shayi da tulin burodi a teburinsa. To, da ya ke mai neman wurin sana'a yana son wuri mai sauƙin kuɗi, tsohon gida kuwa yana son mai zama a cikinsa, sai ga shi an fara samun masu gyara irin waɗannan gidaje suna mai da su gidan burodi. Wannan abin farin ciki ne, don gidan da ba kowa shi ya kan riga faɗuwa. Amma fa gyara iri iri ne. Akwai wanda ke ƙara wa gida shekaru, akwai kuma wanda ke kashe shi a hankali, alhali ido yana ganin ya yi kyau.

Don a gane bambancin, zan ɗauki gida ɗaya a cikin birnin Zariya, wanda wani jikan mai shi ya gyara ya buɗe ƙaramin gidan burodi a ciki. Za mu bi shi ɗaki ɗaki, mu yaba inda ya dace, mu kushe inda ya kuskure. Ba zan ambaci sunansa ko unguwarsa ba, don aikin mu ke dubawa, kuma abin da ya yi, da na daidai da na kuskure, shi ne abin da yawancin masu irin wannan gyara su ke yi. Ma'aunin da zan auna da shi ga shi: ko wane abu aka sa a ɗaki ko aka cire, sai a tambaya, shin ya taimaki burodin, ya kuma bar ginin da lafiyarsa? In ya yi duka biyu, ado ne. In ya cuci ɗayansu, ɓarna ce, ko nawa aka kashe a kansa.

Baƙo Da Mai Masauki

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kakanni ana nomanta da rani a fadamu, ana yin alkaki da finkaso da taliya da ita, mutanen Kano kuwa sun daɗe suna gasa gurasa a tanderu. Burodin gwangwani, irin wanda mu ke ci da shayi, shi ne baƙo. Ta bakin teku ya shigo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara mai da shi babbar sana'a shi ne Amos Shackleford, mutumin Jamaika, wanda ya zo Ikko a 1913 ya yi aikin jirgin ƙasa, daga baya ya kafa gidan burodi. Sabo da haka maginanmu na da ba su taɓa gina ɗaki domin burodi ba. Wanda ya kai burodi tsohon soro baƙo ya kai wa dattijo, wajibi ne kuwa ya san halin ko wannensu.

Halin burodi sananne ne: yana son wuta mai ƙarfi, yana shan ruwa da yawa, ba ya kuma jure ƙazanta. Halin soro shi ne mutane suka fara mantawa. Da tubali a ke gina shi, watau curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, aka mulmula da hannu, aka shanya a rana. Bango ya kan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufin kuwa na azara ne, watau tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. A jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari a kai, sa'an nan a ɗora ƙasa. Azara ba ta iya ɗaukar wannan nauyi in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙago baka. Su kan kafa azara a cikin bango, su riƙa ɗaura wata a kan wata tana rusunawa ciki, har na wannan gefe su gamu da na wancan a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Wanda ya kai wannan fasaha matuƙa shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Kaurin bango shi ke sa soro sanyi da rana, ya yi ɗumi da dare, don zafin rana ya kan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa shi. Sai dai bangon ƙasa yana da sharaɗi guda. Yana shan danshi daga ƙasa da kuma iska, dole ne a bar shi ya fitar da abin da ya sha. Magungunan ruwan sama da magabata suka yi masa, watau makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, suna kore ruwa ba tare da sun rabu da halin ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba. A riƙe wannan a zuciya, don shi ne zai raba mana gardama a nan gaba.

Zaure

Mai gidan ya mai da zaure wurin sayarwa, wannan kuwa zaɓi ne na hankali. Tun asali zaure shi ne mahaɗar gida da gari. Nan a ke sallama, nan baƙo ke tsayawa, nan malami ke karantarwa, nan maɗinki ko baduku ke aikinsa. Mai saye zai shigo bai ji ya keta hurumin kowa ba. Bakuna biyu da suka gitta juna a rufin an bar su a fili, an shafe su da farar ƙasa, zanen da magini na fari ya yi a gefen ƙofa kuma ba a kankare shi ba. Kanta ta katako ce, kafintan unguwa ya yi ta, tsayinta iyakar ƙugun mutum. An gitta ta gaban ƙofar ciki, ta zama kanta, ta kuma zama shamaki. Yaron da aka aiko da kuɗi a hannu yana ganin abin da zai saya, mai sayarwa kuma yana ganin yaron. Wannan ba ƙaramin tunani ba ne, don da yawa daga cikin masu sayen burodi da safe 'yan aike ne.

Bayan kanta an jera burodi a kan allunan katako hawa huɗu, an yi musu ƙyaure na ragar waya, iska na shiga, ƙuda ba ya shiga. Launin gasasshen burodi a jikin farin bango shi kaɗai ya ishi ɗakin ƙawa. Dakalin bakin ƙofa yana nan, tsofaffi na zama a kai su huta kafin a miƙo musu. Alkukin da a ke ajiye fitilar aci-bal-bal a da, yanzu fitila mai caji ce a ciki, domin ranar da lantarki ya ɗauke. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ɗaki ma yana da fuska, wannan zaure kuwa ya shimfiɗa tasa.

Amma a cikin wannan zaure ne kuma aka yi kuskure na fari. Mai gidan ya ga kantunan Kaduna da Abuja masu gaban gilashi, ya yi sha'awa, sai ya fasa bangon yamma ya sa taga mai faɗin ƙafa biyar, don masu wucewa su riƙa hangen burodi. Ɓarnar nan kashi biyu ce. Bangon da ya fasa shi ke riƙe da ƙafar baka, ga shi tun yanzu tsaga ta taso daga kusurwar tagar ta nufi sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ruwan damina ne ƙadangaren. Kashi na biyu, daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana na dukan gilashin, burodin da ke bayansa ya yi gumi a cikin leda, gumi kuwa shi ke gayyatar fumfuna. Da magina suka yi wa soro 'yan tagogi ƙanana can sama, ba rowar haske suka yi ba, zafi su ke tsarewa. Mai burodi ba ya bukatar gilashi don a san da shi. Ƙamshi ya riga ya yi masa shela har ƙarshen lungu, allo ɗaya mai rubutu a bakin ƙofa ya ishi baƙo.

Tanderu

A nan ne mai gidan ya fi cancantar yabo. Tsakanin zaure da shigifa akwai filin nan da a ke kira ƙofar gida. A tsakiyarsa ya gina tanderun da jan bulo, yana tsaye shi kaɗai, taku uku tsakaninsa da ko wane tsohon bango. Ya yi masa rumfar kwano mai dirkokin ƙarfe, da bututun hayaƙi wanda ya ɗara zankaye tsawo. Mutane da yawa su kan cusa tanderu a cikin tsohon ɗaki don gudun kuɗin rumfa, ba su san abin da su ke jawo wa kansu ba.

Ga dalili. Ruwa yana tafasa a digiri 100, burodi kuwa ana gasa shi a wajen digiri 200 zuwa 230. Azara itace ce, ko da an lulluɓe ta da ƙasa. In tana shan irin wannan zafi kullum, za ta bushe ƙayau, itacen da ke binne kuma ya kan iya cin wuta a ɓoye ba a gani ba sai ya gama. Ban da zafi akwai tururi, sai mu yi lissafi. Buhun fulawa mai kilo 50 yana shan ruwa wajen lita 30. In aka haɗa da sukari da mai da sauran kayan haɗi, kwaɓin zai haura kilo 80. Wajen gashi, kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi ya kan fita ya zama tururi, watau lita 8 daga buhu guda. Gidan da ke gasa buhu biyar a rana yana sakin lita 40 ke nan, garwa biyu da ɗoriya. Ka ƙaddara mutum yana watsa wa rufin ƙasa garwa biyu ta ruwan zafi daga ciki, ko wace rana, rani da damina. Shekara nawa zai yi? Da tanderun ya zauna a fili, yawancin wannan ruwa sai ya bi iska, hayaƙi kuma bai baƙanta farin zauren ba.

Abu ɗaya ya rage a nan. Ruwan da ke saukowa daga kwanon rumfar yana zuba daidai gindin bangon shigifa. Magina na da sun san gindin bango shi ne ransa, shi ya sa su ke miƙa indararo nesa, ya tofa ruwa can waje. Ɗan kwararo na kwano a bakin rumfar, da rariya mai fitar da ruwan, su ne maganin wannan, kuɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Ɗakin Kwaɓi

Shigifa ce aka mai da ɗakin kwaɓi, zaɓin wurin daidai ne. Yis, watau abin da ke sa kwaɓi ya kumbura, abu ne mai rai. Ya fi jin daɗin aiki a kusa da digiri 30. In sanyin hunturu ya kama shi sai ya yi nawa, in zafin bazara ya dame shi sai ya yi gaggawa har kwaɓi ya yi tsami. Ɗaki mai kaurin bango, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka da sauri, kyauta ce ga mai burodi, wadda mai ɗakin bulo da kwano ke nema da fanka bai samu ba. An yi wa daɓen siminti, an karkata shi wajen rariya don a riƙa wankewa, wannan ma daidai ne. Teburin kwaɓi kuma an lulluɓe shi da ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Har nan ba abin cewa.

Da aka zo bango sai hankali ya gushe. An yaɓe shi da siminti, aka manna farin tayil daga ƙasa har sama. Niyyar mai kyau ce, don wurin abinci yana son abin da a ke iya wankewa, bangon ƙasa kuwa ya kan zubar da ƙura. Amma siminti da ƙasa ba su zama lafiya. Zafi da sanyi ba su motsa su daidai da juna, sabo da haka a hankali simintin ya kan saki. Danshin da bango ke sha daga gindi ya rasa mafita, ya taru a bayan simintin, ƙasar ta yi laushi ta riƙa zagwanyewa. Ka ƙwanƙwasa tayil ɗin nan da ɗan yatsa, a wurare da dama za ka ji yana amsawa kamar ganga. Wannan kogon da ke baya shi ne masaukin kyankyasai da kiyashi, ga shi kuwa inda ruwa da tsintsiya ba su kai wa. Tsabtar da aka nema ta tsaya a fuska, ƙazanta ta koma ciki.

Da an yi shawara da magini, da ya nuna hanya mai sauƙi. A gina ɗan gajeren bango na bulo, iyakar ƙirji, mai tsayuwa da ƙafarsa, a bar rata tsakaninsa da tsohon bango wadda tsintsiya za ta shiga. A jikinsa a ke manna tayil, a jingina tebur da wurin wanke-wanke. Sauran bangon a shafe shi da farar ƙasa, a riƙa sabuntawa kafin damina da bayanta. Da haka ruwa bai taɓa tsohon bango ba, bango kuma bai daina numfashi ba.

Abin da ya fi tayil ban tsoro shi ne silin na roba da aka buga a ƙarƙashin azara. Shi ma da dalilinsa, don ba mai son ɓarɓashin ƙasa ya faɗo cikin kwaɓi. Amma a cikin wannan ɗaki a ke shigo da burodi da zafinsa ya huce, sauran tururin da ke jikinsa ya tashi ya bi ta gefen silin ya maƙale a sama, inda ba iska. Ɓera kuma ya sami bene. Mafi muni, an rufe idon mai gida. Rufin ƙasa ya kan yi gargaɗi kafin ya faɗi: azara ta lanƙwasa, yoyo ya bar tabo, ƙasa ta fara zubowa a wuri guda. Wanda ya buga silin ya toshe kunnensa daga wannan gargaɗi. Mutanen Zariya ba su bukatar a gaya musu nauyin rufin ƙasa, don a watan Agusta na 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta ana sallar la'asar, aka yi hasarar rayuka. A ƙarƙashin wannan silin kuwa samari ne ke aiki tun kafin asuba. A cire shi. A ɗaura farin alawayyo a saman tebur kaɗai, wanda za a riƙa kwancewa a wanke ko wane mako, a ɗaga kai a dubi azara. Burodi kuma a kai shi ya huce a rumfa mai raga, inda iska ke ratsawa.

Ƙofa Ɗaya

Fulawa tana cikin tsohuwar turaka, can cikin gida. An ɗora buhunan a kan katako, an janye su daga jikin bango, ɗakin da sanyi, ba danshi. Madalla da wannan. Amma ta ina buhun ya bi ya isa can? Ta zaure ya shigo, ya ratsa masu saye, ya wuce tanderu, ya keta ɗakin kwaɓi. Itacen wuta ma ta zaure ya ke shigowa, toka kuma ta nan ta ke fita, ta ƙofar da burodi ke fita.

A nan ne halin baƙo da na mai masauki suka fi saɓawa. Gidan Bahaushe an tsara shi don shiga ta yi wuya. Ƙofa ɗaya gare shi, ƙofofin ciki kuma ba su kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Gidan burodi kuwa yana son hanya mai tafiya gaba ba komowa: fulawa ta shigo ta wannan gefe, ta zama kwaɓi, ta shiga wuta, ta huce, ta fita ta wancan, ɗanye bai gamu da gasasshe ba. Maganin abin shi ne a buɗe ƙaramar ƙofa a katangar baya, kusa da turaka, bayan an nemi yardar maƙwabta da izinin hukuma. Katanga ba ta ɗauke da rufin kowa, fasa ta ba ya cutar da gini. Mai gidan nan ya fasa bangon da bai kamata a taɓa ba, ya bar wanda ke jiran a fasa.

Kayan Rataye

Saura ado na ganin ido. A bangon zaure an rataye faya-fayai da ƙore da wani tsohon takobi, don a nuna wai gidan na gargajiya ne. Gidan da ke da baka a rufinsa ba ya bukatar shaida. Faifai murfin abinci ne, ƙwarya ma'ajiya ce, darajarsu tana cikin aikinsu. In aka rataye su a saman abinci, ƙura da yanar gizo su ke tarawa, duba-gari kuwa yana da gaskiya in ya yi magana. A sauke faya-fayan a rufe farantan kanta da su, a riƙa kakkaɓewa, sun fi kyau a nan.

Akwai kuma hotunan kek na ƙasashen Turai da aka manna, irin wanda ba a yi a gidan. Hoton abin da ba ka sayarwa alkawari ne da ba za ka cika ba, yana kuma sa mai saye ya raina abin da ke gabansa. Ƙwayayen lantarki masu launin shuɗi da aka kewaye kanta da su suna mai da burodin safe kamar ya kwana uku. Haske mai ɗan ja-ja, irin na hantsi, shi ke fito da launin gashi. Fuskar gidan ta waje kuma an yaɓe ta da siminti, an shafa fentin mai, an zana dagi kore da ja a ko wane gefe. Cutar da ke cin shigifa ita za ta ci wannan bango, zanen magini na asali kuma, wanda aka tayar da ƙasa da hannu, ya nutse a ƙarƙashin fenti. A nan kam kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Amsa Ga Mai Gardama

Wani zai ce, ai ginin ƙasa wahala ne, ko wace shekara sai an yi yaɓe, gwanayen magina kuma sun yi ƙaranci, siminti kuwa sau ɗaya a ke yi a huta. Rabin maganar gaskiya ce. Yaɓe yana cin kuɗi, magina sun ragu, siminti kuma yana da wurinsa, kamar daɓen ɗakin kwaɓi da rariya da gindin tanderu. Abin da ba gaskiya ba shi ne hutun. Siminti a kan ƙasa ɓoye ciwo ya ke yi, ranar da zai bayyana kuwa bango ne gaba ɗaya za a biya. Magina kuma sun ragu ne don an daina kiransu, ko wane gida aka ba su aikinsa yaro ɗaya zai koyi sana'ar.

Wani kuma zai ce ƙasa alamar talauci ce, mai saye ya fi yarda da wuri mai ƙyalli. Sai ya dubi Gidan Makama a Kano, wanda ya zama gidan tarihi, da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, shi da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Duka biyu na ƙasa ne, mutane na tasowa daga nesa don su gan su. A Agadas, wadda hukumar UNESCO ta sa tsohon birninta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar masallacin mai tsawon mita 27 ta ƙasa ce. A cikin gidajen da a ke kai baƙi kallo a can har akwai gidan Sidi Ka, wanda a ke kira gidan mai burodi, sabo da adon da aka yi wa bangon cikinsa. Da tsohuwar zuma a ke magani. Kantin gilashi akwai dubunsa, kowa da kuɗi zai iya ginawa cikin wata uku. Zaure mai baka kuwa in ya faɗi ya faɗi ke nan.

In an rufe lissafi, mai wannan gida ya ci riba a manyan abubuwa: ya zaɓi ɗakin da ya dace da ko wane aiki, ya fitar da wuta fili, ya bar zaure da mutuncinsa. Bashin da a ke binsa shi ne taga, da tayil, da silin, da ƙofar baya, da simintin fuskar gida. Silin ya kamata ya fara saukewa, don shi ne ya shafi rai, sa'an nan a toshe tagar da tubali kafin ruwa ya sauka. Sauran ana iya binsu sannu a hankali, gwargwadon abin da ciniki ya kawo.

Kai kuma mai karatu, in kana da tsohon gida na gado, ko kana shirin karɓar wani don sana'a, kafin ka kira birkila da mai fenti ka fara kiran tsohon magini. Ku zaga tare, ya nuna maka bangon da ke ɗauke da nauyi da wanda ba ya ɗauke da komai, da inda ruwa ke bi in an yi sama. Bayan nan ka tsaya a bakin ƙofa ka bi buhun fulawa da ido, tun daga shigarsa har ya fito burodi a hannun yaro. Duk inda ka ga ya komo da baya, ko ya gamu da toka, nan ne wurin gyara. Kuɗin da ya rage bayan wannan, shi ne na ado.